Juho Paasikivi: Dattijon Da Ya San Zama Da Babban Maƙwabci

A cikin ƙasashen Turai waɗanda suka yi iyaka da Tarayyar Sobiyat, suka kuma gwabza da ita a Yaƙin Duniya na Biyu suka sha kaye, ƙasar Finland kaɗai ce sojan Rasha ba su shiga babban birninta ba, ita kaɗai ce kuma ta ci gaba da zaɓen shugabanninta da ƙuri'a bayan an ajiye makamai. Babu shakka jarumtakar sojojinta ce ta fara tsare mata wannan 'yanci. Amma ƙarfin bindiga yana da iyaka, musamman ga ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan 4 ba a zamanin, alhali maƙwabciyarta tana da mutum wajen miliyan 170, ga kuma iyaka tsakaninsu mai tsawon fiye da kilomita 1,300. Wanda ya ɗauki nauyin shirya yadda za a yi zaman bayan yaƙi, wani tsohon ma'aikacin banki ne mai saurin fushi, wanda bai hau kujerar shugabancin ƙasa ba sai da ya shekara 75 a duniya. Sunansa Juho Kusti Paasikivi.

Maraya A Ƙarƙashin Sarkin Rasha

An haife shi ran 27 ga watan Nuwamba, 1870, a kudancin Finland. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 4, mahaifin kuma ya bi ta yana ɗan shekara 14, bai bar masa kome ba sai bashi. Wata 'yar'uwar iyayensa ce ta riƙe shi har ya yi karatu. Sunan da aka raɗa masa shi ne Johan Gustaf Hellsten, irin na mutanen Suwidin, amma yana saurayi ya sauya shi zuwa na harshen ƙasarsu, kamar yadda masu kishin ƙasa da yawa suka yi a lokacin.

A wannan zamani Finland ba ta da mulkin kai. Tun shekarar 1809 Rasha ta ƙwace ta daga hannun Suwidin, sai dai Sarkin Rasha ya bar ta da dokokinta, da majalisarta, daga baya har da kuɗinta. Paasikivi ya shiga jami'ar Helsinki, ya fara da koyon harshen Rasha da tarihi, har ya je birnin Novgorod ya zauna don bakinsa ya faɗa. Daga nan ya koma fannin shari'a, ya sami digirin dakta a 1901. Wannan sanin harshe da halin Rashawa shi ne jarin da ya ci moriyarsa har ƙarshen ransa.

A shekarar 1899 Sarkin Rasha ya fara janye 'yancin da aka bar wa Finland, bayan ya riga ya turo wani Gwamna-Janar mai tsanani, Bobrikov, don ya mai da ƙasar kamar sauran lardunan Rasha. Masu ilmin ƙasar suka rabu biyu. Wani ɓangare ya ce a ƙi bin duk dokar da ta saɓa wa tsarin mulki, kome ta fanjama fanjam. Ɗaya ɓangaren ya ce a sassauta a kan abin da ba makawa, don a tsira da harshe da makarantu da ma'aikatan ƙasa, kada a kori 'yan gida a cika ofisoshi da baƙi. Paasikivi ya bi ɓangare na biyu, ya kuwa sha zagi, har ana kiran irinsu 'yan amshin shata. Ya riƙe baitulmalin ƙasar daga 1903 zuwa 1914, ya shiga majalisar dokoki a 1907, ya kuma zama mai kula da harkar kuɗi a gwamnati a 1908. Amma da ya ga Rashawa sun wuce gona da iri, sassaucin ba ya sayo kome, sai ya sauka a 1909. Daga 1914 ya koma shugabancin wani babban banki mai suna KOP, inda ya shekara 20.

Kuskuren 1918

Da juyin juya hali ya kifar da sarautar Rasha, Finland ta yi shelar mulkin kanta ran 6 ga watan Disamba, 1917, gwamnatin Lenin kuma ta amince kafin shekarar ta fita. Ba a jima ba yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin masu ra'ayin gurguzu da masu adawa da su. Masu adawar suka yi nasara da taimakon sojan Jamus, aka naɗa Paasikivi shugaban gwamnati a watan Mayu, 1918.

A nan ya yi lissafin da ya zame masa darasi. Ya tabbata cewa Rasha za ta farfaɗo wata rana, ya ga kuma ƙaramar ƙasa tana bukatar bango abin jingina, saboda haka ya zaɓi Jamus. Ya tsaya kai da fata a mai da Finland masarauta, har majalisa ta zaɓi wani ɗan sarautar Jamus, Friedrich Karl, surukin Sarkin Jamus, ya zama sarki a watan Oktoba. Wata ɗaya bayan haka Jamus ta faɗi a Yaƙin Duniya na Farko. Sarkin bai ko taka ƙasar ba ya janye, Paasikivi kuma ya sauka. Majiɓincin da ke nesa ya tafi, maƙwabci kuwa yana nan inda yake.

A 1920 shi ya jagoranci wakilan Finland wajen ƙulla sulhu da gwamnatin Sobiyat a birnin Tartu. Rasha tana cikin rauni a lokacin, Finland ta sami iyaka mai daɗi, har da tashar jirgin ruwa ta Petsamo a can arewa. Sai dai iyakar ta kudu ta tsaya kilomita 32 kacal daga birnin da daga baya aka kira Leningrad, birni na biyu a girma a Tarayyar Sobiyat. Daga baya Paasikivi ya riƙa ganin cewa sulhun ya yi wa Finland kyau fiye da abin da za ta iya tsarewa, domin duk ranar da Rasha ta miƙe ba za ta yarda igwar wata ƙasa ta zauna a bakin ƙofarta ba.

Gaba Da Gaba Da Stalin

Ranar kuwa ta zo. A watan Agusta, 1939, Hitler da Stalin suka ƙulla yarjejeniya, suka raba gabashin Turai a asirce, Finland ta faɗa rabon Rasha. A watan Oktoba aka kira Finland zuwa Mosko. Paasikivi yana jakada a Suwidin, yana gab da cika shekara 69, aka ce shi zai je. Sau uku yana zuwa, yana zama da Stalin da ministansa na harkokin waje, Molotov.

Abin da Stalin ya nema shi ne a ja iyaka baya daga Leningrad, a ba shi wasu tsibirai, a kuma ba shi hayar zirin ƙasar Hanko don ya kafa sansanin sojan ruwa. A madadin haka ya yi tayin wani yankin daji a gabas wanda ya ninka abin da ya nema a faɗi. Paasikivi ya shawarci gwamnatinsa ta sassauta, babban hafsan ƙasar, Mannerheim, shi ma ya ga haka, domin ya san soja ba su shirya ba. Amma gwamnati, musamman ministan harkokin waje Eljas Erkko, ta ɗauka barazana ce kawai, ta ƙi.

Ran 30 ga watan Nuwamba, 1939, Rasha ta kawo hari. Sojan Finland suka yi abin da ya ba duniya mamaki, suka tare rundunar Rasha kwana 105 cikin tsananin sanyi. Ƙasashen yamma suka yi ta yabo, Ingila da Faransa suka yi ta alkawarin turo soja, amma ba wata runduna da ta iso. A watan Maris, 1940, Paasikivi ya sake komawa Mosko tare da Firayim Minista Risto Ryti, suka sa hannu a kan sulhu mai ɗaci. Finland ta rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta, har da birnin Viipuri, mutum fiye da 400,000 suka bar gidajensu, an kuma ba da Hanko ɗin da aka hana tun farko.

Har yanzu masana tarihi ba su daina gardama a kan ko shawararsa ta 1939 daidai ce ba. Masu sukarsa suna nuni da Istoniya da Latbiya da Lituweniya, waɗanda suka yarda da sansanonin Rasha a shekarar nan, aka kuma haɗiye su gaba ɗaya a 1940. Masu goyon bayansa kuwa suna cewa abin da aka rasa da yaƙi ya fi abin da aka nema da baki nesa ba kusa ba. Abin da ya tabbata shi ne, yaƙin ya nuna wa Stalin cewa cin Finland da ƙarfi yana da tsada, shi kuwa Paasikivi ya san yadda zai yi ciniki da wannan tsada daga baya.

Ya zauna jakada a Mosko daga 1940. Da ya gane cewa gwamnatinsa ta karkata wajen Jamus, tana kuma ɓoye masa abin da ake ciki, sai ya ajiye aiki a 1941. A watan Yuni na shekarar Finland ta sake shiga yaƙi da Rasha, wannan karon kafaɗa da kafaɗa da sojan Hitler, da fatan ƙwato abin da ta rasa. Paasikivi ya koma gida yana rubuce-rubucensa.

Gaskiya Mai Ɗaci

A damina ta 1944 Rasha ta kawo gagarumin farmaki. Sojan Finland suka ja da baya, amma suka sake tare ta kafin ta kutsa cikin ƙasa. Ran 19 ga watan Satumba aka sa hannu a kan tsagaita wuta. An koma iyakar 1940, an ƙara da Petsamo. An ɗora wa Finland diyyar yaƙi ta dala miliyan 300, a biya da kaya. An tilasta mata ta kori sojan Jamus daga arewacin ƙasar da ƙarfin makami. An kuma ba Rasha hayar yankin Porkkala na shekara 50, wurin da igwa za ta iya harbo Helsinki daga cikinsa. Wata hukumar sa ido ta zo ta sauka a wani otal a tsakiyar birnin, a ƙarƙashin Andrei Zhdanov, na hannun daman Stalin.

A cikin wannan hali Mannerheim, wanda ya zama Shugaban Ƙasa, ya naɗa Paasikivi Firayim Minista a watan Nuwamba, 1944. Aikinsa na farko ba da Rashawa ya yi shi ba, da 'yan ƙasarsa ya yi. A jawabin ranar mulkin kai ta shekarar ya nuna musu cewa dole a karɓi abin da ya auku yadda yake, a daina mafarkin ramuwa, kuma daga yanzu ba za a sake bin wata manufar waje da ta saɓa wa Tarayyar Sobiyat ba. Ga mutanen da suka binne 'ya'yansu dubbai a yaƙi biyu, wannan magana ba ta da daɗin ji.

Tunaninsa a kan al'amarin ba shi da wuyar fahimta. A ganinsa abin da Rasha take so a Finland na tsaro ne: kada wata babbar ƙasa ta sake bi ta cikinta ta kai wa Leningrad hari. In aka gamsar da ita a kan wannan, ba lalle ne ta damu da irin mulkin da ake yi a Helsinki ba. Saboda haka ya raba al'amura gida biyu. Duk abin da ya shafi tsaron maƙwabci da cika alkawarin da aka sa wa hannu, a yi shi cif-cif, kada a ba da kafar zargi ko kaɗan. Abin da ya shafi majalisa da zaɓe da kotuna da dukiyar mutane kuwa, wannan na 'yan gida ne, ba a ciniki da shi.

Wannan hanya ba ta zo a banza ba. Ya sa ɗan kwaminis, Yrjö Leino, a gwamnati, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar, daga baya ma Leino ya riƙe ma'aikatar harkokin cikin gida. An mayar wa Rasha dubban mutanen da suka yi gudun hijira zuwa Finland lokacin yaƙi. An kafa doka ta musamman mai waiwayen baya, aka gurfanar da shugabannin zamanin yaƙi su 8, aka ɗaure tsohon Shugaban Ƙasa Ryti shekara 10 a 1946. Paasikivi masanin shari'a ne, ya san wannan doka ta saɓa wa al'adar ƙasar, amma ya ga gara kotun gida ta yi hukuncin da a kwashe mutanen a kai su Mosko. Ba a kashe ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma kafin 1950 duk an sake su. Haka nan ya riƙa kiran editocin jaridu yana yi musu faɗa da kakkausar murya duk sa'ad da suka rubuta abin da zai tsokano maƙwabci.

Wasiƙar 1948

A watan Maris, 1946, Mannerheim ya sauka saboda tsufa da rashin lafiya, majalisa ta zaɓi Paasikivi Shugaban Ƙasa. A 1947 Amurka ta yi tayin taimakon farfaɗo da Turai, wanda aka sani da Shirin Marshall. Finland tana matuƙar bukata, amma da Mosko ta nuna ba ta so, sai aka ƙi karɓa. Sai dai ba a rufe ƙofa ba: an karɓi rance daga Amurka ta wata hanya, aka kuma shiga Bankin Duniya da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya a 1948.

Babbar jarrabawa ta zo a ƙarshen watan Fabrairu, 1948. A makon da 'yan kwaminis suka ƙwace mulki a Cekoslobakiya, wasiƙar Stalin ta iso Helsinki, yana neman a ƙulla ƙawancen tsaro irin wanda ya ƙulla da Hangare da Romaniya. Mutane da yawa a Turai suka ɗauka Finland ce ta gaba a layi. In an ƙi, an tsokano fushin da ba a iya tarewa. In an karɓa yadda aka kawo, an zama 'yar kore.

Paasikivi bai ƙi ba, bai kuma yi gaggawa ba. Ya nemi ra'ayin jam'iyyun majalisa ɗaya bayan ɗaya, ya bari Mosko ta gani da idonta cewa yawancinsu ba sa son ƙawancen soja, kuma ba abin da zai zartu sai majalisa ta yarda. Shi kansa bai je Mosko ba. Ya tura Firayim Minista Mauno Pekkala da wasu wakilai, cikinsu har da Urho Kekkonen, ya zauna a gida don kada a matsa masa ya yanke magana nan take. Ya kuma sa wakilan su tafi da nasu daftarin, wanda a ƙarshe shi aka yi aiki da shi.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ran 6 ga watan Afrilu, 1948, ta abota da haɗin kai da taimakon juna, ta bambanta da ta sauran ƙasashen gabashin Turai. Finland ta ɗauki alkawarin cewa in Jamus ko wata abokiyarta ta kawo mata hari, ko ta nemi bi ta cikinta zuwa Rasha, za ta yi yaƙi, amma a cikin iyakarta kaɗai. Taimakon sojan Rasha kuwa ba zai shigo ba sai ɓangarorin biyu sun amince. A gabatarwar takardar an rubuta cewa Finland tana son ta tsame kanta daga rigingimun manyan ƙasashe. Wannan 'yar jimla ita ce ginshiƙin da aka gina manufar 'yan ba-ruwanmu ta ƙasar a kai shekaru da yawa.

Da ya gama da waje, sai ya juyo gida. Ana raɗe-raɗin 'yan kwaminis suna shirin juyin mulki, ya sa soja da 'yan sanda cikin shiri. A watan Mayu majalisa ta nuna rashin amincewa da Leino saboda wasu mutane da ya miƙa wa Rasha a 1945, Paasikivi ya sallame shi. A zaɓen watan Yuli kujerun ƙungiyar 'yan kwaminis suka faɗo daga 49 da suka ci a 1945 zuwa 38, cikin 200. Ya naɗa gwamnatin da ba su a ciki, ƙarƙashin Karl-August Fagerholm. Jaridun Mosko suka yi ta zagi, amma ba sojan da ya motsa. Lissafin dattijon ya fito daidai.

Romon Dutse

An sake zaɓensa a 1950 yana da shekara 79. Diyyar yaƙi, wadda Rasha ta rage kuma ta tsawaita wa'adinta zuwa shekara 8, an biya ta da jiragen ruwa da injuna da kawunan jirgin ƙasa da kayan katako. Jirgin ƙasa na ƙarshe ya ƙetare iyaka a watan Satumba, 1952, makonni kaɗan bayan Helsinki ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Masana'antun da aka kafa don biyan bashin suka zama dukiyar ƙasa, Rasha kuma ta zama mai sayen kayansu. 'Yan gudun hijirar Kareliya kuwa an yanka musu gonaki a sauran sassan ƙasar.

Bayan mutuwar Stalin a 1953 iska ta sauya. A watan Satumba, 1955, Paasikivi ya yi tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Mosko yana da shekara 84. Ya yarda a tsawaita yarjejeniyar 1948 da shekara 20, su kuma suka yarda su bar Porkkala, alhali saura kusan shekara 40 hayar ta ƙare. A watan Disamba Finland ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Janairu, 1956, sojan Rasha suka kwashe kayansu suka fita. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Sunan Paasikivi kuwa, a harshensu, ma'anarsa falalen dutse.

Ya sauka daga mulki ran 1 ga watan Maris, 1956, Kekkonen ya gaje shi. Ya rasu ran 14 ga watan Disamba na wannan shekara, yana da shekara 86, aka binne shi a maƙabartar Hietaniemi a Helsinki.

Abin Da Ya Bari

Kekkonen ya riƙe hanyar har shekara 25, amma a zamaninsa iyakar da Paasikivi ya shata tsakanin harkar waje da ta gida ta riƙa dushewa. A 1958 matsin Mosko ya kayar da wata gwamnatin Fagerholm, 'yan siyasa kuma suka koyi neman yardar ofishin jakadancin Rasha kafin su nemi ta masu zaɓe. Har Turawan yamma suka ƙago kalmar habaici daga sunan Finland, suna nufin ƙasar da take da tuta amma ba ta iya tari sai da izinin maƙwabci. Littattafan da Paasikivi yake rubuta al'amuran yau da kullum, waɗanda aka buga bayan shekara kusan 30 da rasuwarsa, sun nuna cewa bai taɓa ruɗuwa da zaƙin bakin Mosko ba. Yana cike da tsoro da takaici, yana dai haɗiyewa ne.

Yarjejeniyar 1948 ta mutu a 1992, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat. Finland ta shiga Tarayyar Turai a 1995. Da Rasha ta auka wa Yukiren a 2022, mutanen ƙasar suka yanke cewa gamsar da maƙwabci bai isa kariya ba, suka shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a watan Afrilu, 2023. Wannan hanya ce dabam da wadda dattijon ya bi. Amma majalisar da ta yanke shawarar, da ƙuri'ar da ta kafa ta, su ne abubuwan da ya ƙi sa wa a ciniki a 1948. A tsakiyar Helsinki, ba nisa da ginin majalisar, akwai wasu manyan baƙaƙen duwatsu biyu da aka kafa a 1980 don tunawa da shi. Sunan da aka ba su shi ne Gabas da Yamma.